Marie Curie da Hasken da ke Gasa Ciwon Daji

A ƙasashen Turai akwai wata ƙasa mai tsananin sanyi da ake kira Polan. A babban birninta, Warso, aka haifi wata yarinya ran 7 ga watan Nuwamba na shekarar 1867. Aka sa mata suna Maria Sklodowska. Ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. Ubanta malamin makaranta ne, yana koyar da lissafi da kimiyya. Uwarta kuma ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata.

A zamanin nan Warso tana ƙarƙashin mulkin Rasha. Masu mulki suka tilasta a yi karatu da Rashanci. Da suka ga uban Maria bai ba su kai ba, sai suka rage masa matsayi da albashi. Gida ya shiga ƙunci, har ya zama sai an ajiye 'yan makaranta a gidan, iyayensu suna biya, kafin a sami na cefane. Maria tana da shekara takwas, babbar yayarta Zofia ta kamu da zazzaɓi mai zafi, ta rasu. Bayan shekara biyu kuma tarin fuka ya yi ajalin uwarsu.

Duk da haka Maria ba ta yi sanyi da karatu ba. A 1883 ta gama sakandare, aka ba ta lambar zinariya. Amma daga nan sai hanya ta toshe, domin jami'ar Warso ba ta ɗaukar mata. Wadda ke son ƙarin ilimi sai ta fita waje, fita waje kuwa sai da kuɗi.

Sai Maria da yayarta Bronia suka yi wata shawara mai kama da adashi. Bronia za ta fara tafiya Paris, babban birnin Faransa, ta koyi aikin likita, Maria kuma ta nemi aiki tana aika mata kuɗi. In Bronia ta gama, sai ita ma ta ɗauki nauyin ƙanwarta. Haka kuwa aka yi. Maria ta kama aiki a gidan wasu masu hali a ƙauye, tana koyar da 'ya'yansu. In ta sami sarari, sai ta tara 'ya'yan manoma ta koya musu karatu da rubutu cikin harshen Polan. A ɓoye take yi, don in hukuma ta ji, hukunci ne mai tsanani. Da dare kuma ta kunna fitila ta yi nata karatun.

Sai a 1891 kwasa ta zo kanta. Ta shiga jirgin ƙasa ta nufi Paris, ta shiga jami'ar Sorbonne. A nan ta mai da sunanta Marie, yadda Faransawa ke faɗa. Ta kama wani ɗan ɗaki can ƙololuwar bene. Da hunturu ruwa yakan daskare a kwanon wanke fuskarta. Abincinta yawanci burodi ne da shayi, har wata rana ta faɗi don yunwa. A 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar kimiyyar fizik. A 1894 ta zo ta biyu a ta lissafi.

A wannan shekara ta haɗu da wani masanin kimiyya Bafaranshe, mai suna Pierre Curie. Aka ɗaura musu aure ran 26 ga Yuli, 1895. Da kuɗin gudummawar biki suka sayi kekuna biyu. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, Irène da Ève.

Hasken da ido ba ya gani

A ƙarshen 1895 wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano wani irin haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa naman jiki ya nuna ƙashi. Aka sa masa suna hasken X. Da shi ake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya a asibiti har yau. A 1896 kuma wani Bafaranshe, Henri Becquerel, ya lura cewa ma'adinin yuraniyom yana fitar da irin nasa hasken, shi kaɗai, ba wuta, ba lantarki. Yuraniyom ɗin nan shi ne ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar, kuma akwai shi cikin duwatsun yankin Poli, kudu da Garwa.

Marie ta ɗauki wannan haske ya zama abin bincikenta. Tana auna ƙarfinsa da wata na'ura da Pierre da ɗan'uwansa Jacques suka ƙirƙira. Sai ta ga abin mamaki. Akwai wani baƙin dutse da ake samun yuraniyom a cikinsa, amma haskensa ya fi ƙarfin yuraniyom ɗin da ke ciki, nesa ba kusa ba. In mai girki ta sa barkono ɗaya a miya, ta ɗanɗana ta ji yajin barkono huɗu, ai ta san akwai wani abu a tukunyar da ba ta gani ba. Irin tunanin da Marie ta yi ke nan. Ta tabbata akwai wani ma'adini a dutsen da ba wanda ya san shi.

Pierre ya ajiye nasa aikin ya kama mata. A watan Yuli na 1898 suka ba da sanarwar sabon ma'adini, suka kira shi poloniyom don tunawa da Polan. A watan Disamba suka sanar da na biyu, radiyom.

Faɗa dabam, nunawa dabam. Masana suka ce sai sun gani da ido, sun auna a sikeli. Wurin aikin da aka ba su Marie wata tsohuwar rumfa ce mai yoyo, zafi da bazara, sanyi da hunturu. Aka kawo musu tarkacen dutsen nan buhu-buhu daga wata mahaƙa a ƙasar Bohemiya. Marie ta riƙa dafa shi a babbar tukunya, tana juyawa da sandar ƙarfe da ta kusa kai tsawonta, hayaƙi na shiga mata ido. Ta tace, ta sake dafawa, ta sake tacewa. Shekara kusan huɗu ana abu ɗaya. A 1902 ta fitar da gishirin radiyom tsantsa, kashi ɗaya cikin goma na giram. Bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. In dare ya yi, 'yan kwalaben da ke rumfar sai su riƙa ƙyalli kamar makesu.

Mutane da dama sun ba su shawara su yi wa hanyar tace radiyom rajista da sunansu, don duk mai so ya biya su. Suka ƙi. Suka bayyana hanyar ga kowa kyauta, alhali kuwa su kansu ba su da ɗakin bincike na kirki.

A 1903 aka ba Marie da Pierre da Becquerel kyautar Nobel. Marie ce mace ta farko da ta same ta. Ran 19 ga Afrilu, 1906, Pierre yana tsallaka titi cikin ruwan sama, keken doki mai ɗauke da kaya ya take shi, ya mutu nan take. Jami'ar Sorbonne ta ba Marie kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a can. A 1911 aka sake ba ta kyautar Nobel, wannan karon ita kaɗai.

Ƙuna ta zama magani

Tun da wuri aka gane radiyom yana ƙona fata. A 1901 Becquerel ya sa 'yar kwalbar radiyom a aljihun rigarsa, bayan kwanaki sai ga ƙuna a jikinsa daidai wurin aljihun. Pierre kuwa da gangan ya ɗaura radiyom a hannunsa na awa goma, don ya ga abin da zai faru. Wurin ya yi ja, ya zama gyambo, ya yi watanni kafin ya warke. Likitoci suka yi tunani: abin da ke kashe nama mai lafiya, ashe zai iya kashe mugun nama.

Mugun naman da suke nufi shi ne ciwon daji, wanda ake kira sankara. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ƙwayoyin nan suna haihuwar junansu bisa ƙa'ida, in an sami isassu su tsaya. Wani lokaci sai wasu su ƙi tsayawa. Su yi ta yawa, su zama ƙari, su cinye naman da ke kusa, har su yi ƙaura zuwa wani wuri a jiki. Ba a ɗaukar ciwon daji daga mai shi, kuma ba jifa ba ne.

Yana iya kama harshe, ko dasashi, ko leɓe, ko maƙogwaro, ko can bayan hanci. Likitoci suna kiran waɗannan ciwon daji na kai da wuya. Wuri ne mai wuyar aiki, domin ta nan mutum ke ci, ya sha, ya yi numfashi, ya yi magana. A zamanin Marie, in daji ya kama maƙogwaro, sai dai likita ya yanke maƙogwaron. Wanda ya tsira da rai ya rasa muryarsa har abada.

Marie ba likita ba ce, ba ta taɓa yi wa mai ciwon daji magani da hannunta ba. Amma ta san cewa bincikenta ba zai amfani marar lafiya ba sai masu kimiyya da likitoci sun zauna wuri ɗaya. A 1914 aka gama gina Cibiyar Radiyom a Paris. Gini biyu ne suna kallon juna, da ɗan lambu a tsakani. Marie na shugabancin ɗaya, inda ake binciken ma'adinai. Wani likita mai suna Claudius Regaud na shugabancin ɗayan, inda ake binciken yadda haske ke taɓa jiki.

Ba a kai ga fara aiki ba sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Marie ta nemo motoci kamar ashirin, ta sa musu na'urar hasken X. Ta koyi tuƙi, ta tafi bakin daga tare da 'yarta Irène mai shekara 17. Suna ɗaukar hoton sojojin da aka harba, don likita ya ga inda harsashi yake kafin ya sa wuƙa.

Da yaƙi ya ƙare a 1918, aka koma kan ciwon daji. Babbar matsalar ita ce: in aka haska wa ƙari haske mai ƙarfi a zama ɗaya, ƙarin ya mutu, amma fata da naman kirki ma su ƙone. Regaud ya yi gwaji da raguna. Yana so ya hana rago haihuwa da hasken X, ba tare da dandaƙa ba, domin ƙwayoyin haihuwa suna yawa da sauri kamar na daji. Da ya ba da hasken duka a rana ɗaya, sai fatar ragon ta ƙone. Da ya rarraba shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki da yawa, sai buƙata ta biya, fata kuma ta tsira. Dalili shi ne, tsakanin yau da gobe ƙwayoyi masu lafiya sukan gyara ɓarnar da haske ya yi musu. Ƙwayoyin daji ba su iya wannan gyara sosai ba.

Wani likita na cibiyar, Henri Coutard, shi ya bi wannan hanya wajen masu dajin maƙogwaro. Mutum ne mai haƙuri. Kullum sai ya leƙa maƙogwaron kowane majinyaci da ɗan madubi, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya san yawan hasken da zai ba shi. A 1922, a wani taron likitoci a Paris, shi da Regaud da wani likitan tiyata mai suna Hautant suka nuna cewa ana iya warkar da dajin maƙogwaro da hasken X, mutum ya tashi da muryarsa. Wannan magani shi ake kira gashi. Da Faransanci sunansa radiothérapie.

Bayan wuƙa, sai gashi

Gashi bai kori tiyata ba. In ƙari ya girma a baki ko a harshe, har yau wuƙar likita ce kan gaba. Sai dai likitoci sun sha ganin abin baƙin ciki: a yi tiyata lafiya, a cire ƙari duka, bayan watanni ya dawo daidai inda aka cire shi.

Kowane ɗan manomi ya san ƙuduji a gonar dawa. Ko an tuge shi tas, irinsa yana nan cikin ƙasa, ƙanana kamar ƙura, da damina ta zagayo sai ya sake fitowa. Haka ciwon daji yake. Likita yana cire abin da ya gani, amma wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani sukan saura a gefen yankan, ko cikin kaluluwar wuya. A shekarun 1950 wani likita haifaffen Paris, Gilbert Fletcher, da abokan aikinsa a birnin Houston na Amurka, suka tsara yadda za a riƙa bin tiyata da gashi, don a kashe waɗannan da suka ɓuya.

Ba kowa ake yi wa ba. Bayan tiyata ana kai naman da aka cire ɗakin bincike, a duba shi da madubin likita. In ƙarin babba ne, ko ya kai ga kaluluwa, ko an ga ƙwayoyin daji a bakin yankan, to, sai an yi gashi. Ana so a fara cikin mako shida bayan tiyata, kafin ragowar ƙwayoyin su sake yawa. Tun daga 2004, waɗanda ciwonsu ya fi barazanar dawowa ana haɗa musu da wani magani na ƙarin ruwa mai suna cisplatine.

Yanzu ba a amfani da radiyom wajen wannan gashi. Akwai injin da ke aiki da ma'adinin kobal, wanda aka fara gashi da shi a Kanada a 1951, akwai kuma sababbi masu aiki da lantarki. Kafin a fara, likitan haƙori yakan duba baki, ya gyara ko ya cire ruɓaɓɓun haƙora. Sa'an nan a ɗumama wata roba mai huji-huji, a shimfiɗa wa majinyaci a fuska, ta sandare daidai kamanninsa. Ita ke riƙe kansa kada ya motsa, don haske ya sauka wuri ɗaya kullum. Ya kwanta 'yan mintoci, inji ya yi aikinsa, ya tashi. Ba ya ganin hasken, ba ya jin zafinsa a lokacin. Kuma ba ya fita da shi a jikinsa. Yana iya ɗaukar jikansa, ya ci abinci kwano ɗaya da iyalinsa.

Ana yin haka kwana biyar a mako, har mako shida ko fiye, wato zama 30 zuwa 33. Wahalar tana zuwa ne daga baya. Wajen mako na uku baki yakan yi miki, haɗiya ta yi zafi, yawu ya ƙafe, abinci ya daina daɗi, fatar wuya ta yi duhu. A nan ne kunu da koko da madara da romo ke da rana. A nan ne kuma wasu ke karaya, su ce sun ji sauƙi ko sun gaji, su koma gida. Wannan kuskure ne babba, domin kwanakin da aka tsallake, ƙwayoyin daji ba hutu suke yi ba.

Ga mutanen arewacin Kamaru akwai wata wahalar kuma, ta nisa. Shekaru da dama, mai buƙatar gashi daga Garwa ko Marwa sai ya shiga mota zuwa Ngaundare, ya kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya ƙarasa Babban Asibitin Duwala. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1000. Ga kuɗin masauki na wata biyu, ga na mai jinya, ga gona ko rumfar kasuwa an bari a baya. A Nijeriya akwai injinan gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato. Nijar ta buɗe nata a Yamai a 2021.

Shi ya sa zuwa asibiti da wuri ya fi komai sauƙi, don ƙaramin ƙari sau da yawa tiyata kaɗai ta ishe shi. Ba kowane kumburin wuya ne daji ba. Akwai hangum, akwai maƙoƙo, akwai kaluluwar da ciwon haƙori ke tayarwa. Amma mikin baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko dishewar murya da ta ƙi tafiya, ko ƙullutu a wuya mai ƙara girma, likita ya kamata ya gani, ba wanzami ba. Manyan abubuwan da ke jawo dajin baki da maƙogwaro su ne taba, ta sha da ta ci, da kuma giya.

Ƙarshen rayuwarta

Radiyom ya yi tsada ƙwarai, har matar da ta gano shi ba ta iya sayensa. A 1921 matan Amurka suka yi karo-karo, suka tara dala 100,000, suka saya mata giram ɗaya. Ta je da kanta, Shugaba Harding ya miƙa mata kyautar. A 1929 ta sake komawa, aka ba ta kuɗin wani giram ɗin. Wannan ta bai wa asibitin ciwon daji da aka buɗe a Warso a 1932. Wadda ta shugabanci asibitin kuwa ita ce Bronia, abokiyar adashinta.

Amma hasken ya riga ya ci jikin Marie. A farkon aikinta ba wanda ya san haɗarinsa sosai. Takan sa kwalaben radiyom a aljihu, kuma a lokacin yaƙi ta tsaya kusa da na'urar hasken X ba tare da kariya ba. 'Yan yatsunta suka ƙone suka yi kanta. Yana ta rufe mata ido, har aka yi mata tiyata ba sau ɗaya ba. Daga ƙarshe ɓargonta ya daina yin jini. Ta rasu ran 4 ga Yuli, 1934, a wani asibiti cikin duwatsun gabashin Faransa, tana da shekara 66. Saboda irin abin da ya same ta, ita da ma'aikatan farko, yau ɗakin gashi yana da bango mai kauri, ma'aikaci kuma yana fita waje kafin a kunna inji.

A 1995 gwamnatin Faransa ta mai da ƙasusuwanta da na Pierre zuwa Panthéon, ginin da ake binne manyan ƙasa a Paris. Cibiyarta tana nan, sunanta yanzu Institut Curie, ana yi wa masu ciwon daji magani a ciki. Littattafan da take rubuta bincikenta su ma suna nan, amma cikin akwatuna masu rufin dalma ake ajiye su, domin har yanzu suna fitar da haske.

Tambayoyi

1. Wace shawara Maria da Bronia suka yi don su sami ilimi?
2. Me ya sa Marie ta tabbata akwai sabon ma'adini a cikin baƙin dutse?
3. Me Regaud ya gano a gwajinsa da raguna?
4. Don me ake yi wa wasu gashi bayan an riga an cire musu ƙari?
5. Ku duba taswirar Kamaru, ku nuna hanyar da majinyaci zai bi daga Garwa zuwa Duwala.